Shagon da Ya Jera Littattafan Manga da Sunayen Masu Zana Su: Abin da Na Tarar a Zoo Road

Shekarata goma sha bakwai ina koyar da zane a makarantar sakandare a cikin birnin Kano, kuma a 'yan shekarun nan babu zangon karatun da zai wuce ban tarar da yaron da ya cika bayan littafin rubutunsa da fuskar Goku ko ta Naruto, taurarin katun na ƙasar Japan, ba. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, idan na tambayi yaron wane ne ya ƙirƙiro wannan fuska da yake kwaikwaya da irin wannan ƙwazo, sai ya yi shiru, domin a waya ya san ta tana motsi tana magana, bai taɓa kawowa a ransa cewa wani mutum ne ya zauna da alƙalami da tawada ya fitar da ita a kan takarda ba. Saboda haka, ranar da 'yata ta ce mini, "Abba, akwai wani shago a Zoo Road da ke sayar da ainihin littattafan," ban yi wata-wata ba. Na je sau huɗu cikin wata biyu, na sayi wasu, na karɓi hayar wasu, kuma duk abin da zan faɗa a nan daga wannan zirga-zirga ya fito.

Shagon ƙarami ne, yana saman bene a ɗaya daga cikin jerin gine-ginen da masu ɗaukar hoto da masu gyaran waya suka cika, kuma ba shi da allo a bakin titi, sai mutum ya tambaya. A ciki akwai kantoci na katako, da benci biyu na masu karatu, da fanka mai aiki da sola. Kowane littafi an sa shi a cikin leda saboda ƙurar hunturu, abin da duk wanda ya taɓa ajiye littattafai a garin nan zai yaba. Mai shagon matashi ne mai ladabi, kuma da ya ga na ɗauki littafi na farko ina juya shi, sai ya matso ya ce, "Malam, daga dama ake farawa, kamar yadda ake buɗe littafin Larabci." Haka abin yake: manga, wato labarin zane na ƙasar Japan, daga dama zuwa hagu ake bin shafukansa da gidajen zanen da ke cikin kowane shafi, ko da an fassara maganganun zuwa Turanci. Na lura cewa yaranmu da suka yi makarantar allo ba sa ɗaukar minti biyar kafin idonsu ya saba da wannan tsari.

Babban abin da ya sa na ga shagon ya cancanci a yi rubutu a kansa shi ne yadda aka jera kayan. Ba a bi sunan labari ko launin bango ba, sunan wanda ya zana aka bi. A goshin kowace kanta an manna ɗan kati da aka rubuta da hannu, da Hausa, ɗauke da sunan mai zanen da shekarar haihuwarsa da manyan ayyukansa. Yaron da ya shigo neman Naruto dole ne ya fara cin karo da sunan Masashi Kishimoto kafin hannunsa ya kai ga littafin. Abin da na yi shekaru ina ƙoƙarin cusa wa ɗalibaina da baki, shi ya yi shi da kati da biro.

Kantar da ta fi kowace cika ita ce ta Akira Toriyama, kuma a nan shagon ya yi rawar gani, domin akwai Dragon Ball, labarin Goku, juzu'i 42 cif, babu wanda ya ɓace. An haifi Toriyama a 1955 a yankin Nagoya, ya yi aiki a wani kamfanin talla kafin ya koma zanen labari, ya yi suna da Dr. Slump daga 1980, sannan ya fara Dragon Ball a 1984 a mujallar Weekly Shonen Jump, bai ajiye ba sai 1995, bayan babi 519. Ya rasu ranar 1 ga Maris, 2024, yana da shekara 68. Duk wannan ana iya samunsa a waya. Abin da ba a samu sai an riƙe takardar a hannu shi ne tsaftar layinsa. Na zauna a bencin nan na fi awa ɗaya ina nazarin babi guda na faɗa, kuma ban ga shafi ɗaya da ido zai ruɗe ya rasa wanda ya kai duka da wanda ya sha ba. Idan naushi ya tashi daga gidan zane na dama, ƙarfinsa yana tura idon mai karatu zuwa gida na gaba, kamar dai hannun mai zanen ne yake jan ka. Ba ya cika shafi da kwalliyar da ba ta da aiki. Hatta farin gashin nan da Goku ke yi idan ƙarfinsa ya ninka, wanda aka mayar ruwan zinare a talabijin, Toriyama da kansa ya bayyana cewa yana da nasaba da rage wa mataimakinsa wahalar cike baƙin gashi da tawada kowane mako. Wannan darasi ne da nake so kowane ɗalibin zane ya gani da idonsa, cewa ƙarancin lokaci kan haifi dabara.

Shi ma ƙarancin lokacin yana da tushe. Mai zanen da ke aiki da mujallar mako-mako yakan miƙa shafi kusan ashirin duk mako, kuma kamfanin Shueisha, mai buga Weekly Shonen Jump tun 1968, yana duba ƙuri'un da masu karatu ke aikowa a kan kati, labarin da ya daɗe a ƙasan jeri kuwa sai a yanke shi. A 1995 mujallar ta kai kwafi miliyan 6.53 a fitowa ɗaya. A cikin wannan matsi ne magadan Toriyama suka taso, kuma shagon yana da manyan biyun da yaran Kano suka fi nema. Naruto na Kishimoto, wanda ya gudana daga 1999 zuwa 2014 cikin juzu'i 72, yana nan kusan duka. One Piece na Eiichiro Oda, wanda aka fara a 1997 kuma ya haura juzu'i 100 da kwafi fiye da miliyan 500, akwai shi amma da giɓi a tsakiya. Dukansu biyu sun sha faɗin cewa Toriyama ne ya sa suka ɗauki alƙalami. Akwai kuma 'yan juzu'ai na Captain Tsubasa na Yoichi Takahashi, labarin ƙwallon ƙafa da aka fara a 1981, wanda da yawa daga cikin sa'o'ina suka sani da sunan Kyaftin Majid a tashoshin Larabawa.

Inda zuciyata ta sosu shi ne kantar Osamu Tezuka. Katin yana nan, an rubuta shi da kyau, amma littattafai uku ne kacal a ƙarƙashinsa, dukansu na gwanjo: biyu na Astro Boy, ɗaya na Black Jack. Wannan ya yi kaɗan ƙwarai ga mutumin da kusan duk sauran kantocin shagon suke cin gajiyar hanyar da ya share. Japanawa suna yi masa kirari da laƙabin da a wurinmu ya wuce gona da iri, don haka ni na tsaya a kan uban manga. An haife shi a 1928 a yankin Osaka, ya tashi a garin Takarazuka, ya yi karatun likita har ya samu lasisi, amma ya zaɓi zane. Kafin zuwansa, yawancin labaran zane kamar dandamalin wasan kwaikwayo suke, mai karatu yana hango mutanen daga nesa ɗaya, daga kusurwa ɗaya. Shi ne ya yaɗa salon da ya aro daga fim, inda zanen ke matsowa har cikin ƙwayar ido, ya ja baya ya nuna gari duka, ya shimfiɗa motsi ɗaya a gidaje da dama don mai karatu ya ji saurinsa. Littafinsa na 1947 mai suna Shin Takarajima ya girgiza yaran zamaninsa, kuma da yawa daga cikinsu sun zama masu zane saboda shi. Astro Boy ya fara a 1952, aka mayar da shi shirin talabijin na mako-mako a 1963, wanda ya zama tubalin masana'antar katun ta Japan kamar yadda muka san ta. Kafin rasuwarsa a 1989 ya bar shafi kusan 150,000.

Juzu'in Black Jack ɗin nan guda ɗaya na karɓi hayarsa, na karanta shi a dare biyu. Labarin wani likitan tiyata ne marar lasisi da ke karɓar maƙudan kuɗi daga masu hali, kuma kowane babi labari ne mai zaman kansa. Ilimin likitan Tezuka ya fito fili a zanen wuƙar tiyata da jijiyoyi, amma abin da ya kama ni shi ne yadda cikin shafi ashirin yake kafa tambaya a kan rai da kuɗi da iyakar ikon ɗan Adam, ya bar ka da ita. Duk da haka ba zan ɓoye ba, yadda ya zana baƙar fata a wasu tsofaffin ayyukansa, ciki har da labarin farin zakin nan da ya kafa a Afirka a 1950, ya bi gurguwar siffar da Turawan wancan lokaci suka saba yi mana, har ta kai ga masu buga littattafansa suna sanya bayani a kan haka. Uban da zai ba ɗansa waɗannan littattafai ya kamata ya san da wannan, ya kuma zauna su tattauna. Da na yi wa mai shagon ƙorafin ƙarancin Tezuka, sai ya ce, "Malam, wallahi ba a nemansa, kuma kuɗinsa ya fi na sauran." Na fahimci uzurinsa na ɗan kasuwa, amma ban gamsu ba, domin ba a neman abin da ba a taɓa gani ba. Haka kuma babu ko littafi ɗaya na Shotaro Ishinomori, mai Cyborg 009 da Kamen Rider, wanda ke riƙe da kambun Guinness na mai zanen da ya fi kowa yawan aikin da aka buga, alhali shi da masu zanen labarin Doraemon duk sun zauna a gidan haya ɗaya a Tokiyo, Tokiwa-so, gidan da Tezuka ma ya zauna.

Tsarin haya shi ne ginshiƙin shagon, kuma shi ne abin da na fi ba shi maki a kai. Sabon juzu'i na asali da dala ake shigo da shi, don haka farashinsa ya fi ƙarfin ɗalibi, kuma labarin da ya kai juzu'i 72 ba abin da albashin malamin makaranta zai tara ba ne. Amma hayar littafi ɗaya na mako guda ba ta kai kuɗin adaidaita sahu daga Kabuga zuwa Bata da dawowa ba. Ana ajiye ɗan kuɗin jingina sau ɗaya, a rubuta sunanka a babban littafi, shi ke nan. Duk wanda ya tashi a Kano a shekarun 1990 zai tuna yadda 'yan'uwanmu mata suke karɓar hayar littattafan soyayya, littafi ɗaya ya zaga gida biyar kafin ya koma. Abin sha'awa shi ne ita kanta manga a irin wannan shago ta yi ƙarfi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da talauci ya hana Japanawa sayen littafi, shagunan haya da suke kira kashihon ne suka rayar da masu zane. A cikinsu Yoshihiro Tatsumi ya ƙirƙiro kalmar gekiga a 1957 don bambanta labaran manya masu nauyi da na yara, kuma a cikinsu Shigeru Mizuki, wanda ya rasa hannunsa na hagu a yaƙin, ya yi ta fama da hannu ɗaya kafin ya yi suna. Da na ba mai shagon wannan tarihi ya yi murna ƙwarai, ya ce zai ƙara shi a kati.

A duk ranakun da na je, 'yan mata sun fi samari yawa a kan bencin, amma kantar mata masu zane 'yar ƙarama ce. Akwai Inuyasha na Rumiko Takahashi, wanda bai kai rabin juzu'insa 56 ba. Ita wannan baiwar Allah, haifaffiyar Niigata a 1957, tana cikin waɗanda suka fi kowa tasiri a fagen, kuma a 2019 ta karɓi babbar lambar yabo ta bikin labaran zane na garin Angoulême a Faransa, wadda Katsuhiro Otomo, mai Akira, ya karɓa a 2015. Akwai kuma Fullmetal Alchemist na Hiromu Arakawa, juzu'i 27 cikakku, wanda 'yata ta fara kuma ta ƙi ajiyewa. Arakawa a gidan kiwon shanun madara ta tashi a tsibirin Hokkaido, kuma tana da wani labarin, Silver Spoon, a kan ɗaliban makarantar noma, wanda nake ganin zai zauna daram a ƙasar noma da kiwo irin tamu, amma babu shi. Babu Machiko Hasegawa, wadda ta fara Sazae-san a 1946 ta buɗe wa mata ƙofa, babu Moto Hagio ko Riyoko Ikeda, waɗanda a shekarun 1970 suka karɓe labaran 'yan mata daga hannun maza suka sauya musu fasali. Garin da mata suka riƙe tutar rubutun ƙagaggun labarai na Hausa shekara da shekaru ya cancanci 'ya'yansa mata su ga cewa a can ma haka aka yi.

Akwai abubuwa biyu da na ɗauka aibi ne na gaske, ba giɓi kawai ba. Na farko shi ne rabon littattafai bisa shekaru. Mutane da yawa a garin nan suna ɗauka duk abin da aka zana na yara ne, alhali a Japan akwai manga ta yara, da ta matasa, da ta manya zalla. Bugun Turanci yakan zo da alamar shekaru a bangon baya, amma a ziyarata ta farko na tarar da Berserk na marigayi Kentaro Miura, wanda ke cike da zubar da jini da tsiraici, a kanta ta ƙasa, daidai inda hannun ɗan shekara goma zai kai. Ƙwarewar Miura a zane ba abin musu ba ce, amma wannan ba littafin da ya dace da tarbiyyar yaranmu ba ne, kuma ni ban ga dalilin ajiye shi a shagon da yara suka fi shiga ba. Na yi magana, kuma a ziyara ta huɗu na ga an mayar da shi bayan teburin mai shagon, abin da na yaba. Sai dai har yanzu babu wata rubutacciyar ƙa'ida a kan wanda za a ba hayar me, kuma ranar da mai shagon ba ya nan ƙaninsa ne ke tsarewa, shi kuwa bai san bambancin ba. Shawarata ga iyaye ita ce su raka yaro a zuwan farko, su juya bangon baya su duba, su kuma buɗe ciki.

Na biyu shi ne jabu. A cikin One Piece na sayi juzu'i biyu, da na isa gida sai na ga ɗaya ya bambanta: takardarsa fara fat ce irin ta hoton kwafi, baƙin ya dusashe, inuwar nan mai ɗigo-ɗigo da masu zanen Japan ke liƙawa ta cakuɗe ta zama toka, kuma an yanke gefen shafi har ya ci maganganu. Da na koma da shi, mai shagon bai yi gardama ba, ya ce a cikin kwali ɗaya aka haɗo masa su, ya mayar mini da kuɗina nan take. Halinsa ya burge ni, amma sauran irinsu suna nan a kanta a farashi ɗaya da na asali. Shagon da ya ɗauki wahalar rubuta sunan kowane mai zane don a girmama shi bai kamata ya sayar da kwafin da aka sace guminsa ba, ko kuma aƙalla ya ware su ya faɗa wa mai saye gaskiya.

Wani zai ce me ya kai shi hawa bene alhali akwai manhajar Manga Plus, wadda Shueisha ta buɗe a 2019, inda ake karanta babin farko da sababbin babi na labarai da dama kyauta, kuma ta halastacciyar hanya. Gaskiya ne, kuma ga mai son bin One Piece mako-mako ita ce ta fi. Amma ga mai koyon zane waya ba ta wadatarwa. A shagon akwai juzu'i huɗu na Vagabond na Takehiko Inoue, wanda a cikinsa ya koma zane da burushi da tawada, kuma idan ya shimfiɗa hoto ɗaya a shafi biyu, ana ganin inda burushin ya jiƙe da inda ya bushe ya bar zara-zaran layuka. A fuskar waya duk wannan yakan taƙaita ya zama kamar tambarin wasiƙa. Shi ma littafin manya ne, don haka zaɓaɓɓun shafuka kawai na nuna wa ɗalibaina na aji shida.

Ga mai niyyar zuwa, safiyar ranakun aiki ta fi, domin ranar Asabar bencin ba ya isa, ranar Juma'a kuma ba a buɗewa sai bayan an sauko daga masallaci. Ana karɓar taransifa, kuma ana iya ba da saƙon littafin da babu. Ni na ba da saƙon juzu'in farko na Barefoot Gen na Keiji Nakazawa, wanda yana ɗan shekara shida bam ɗin Hiroshima ya faɗa a garinsu a 1945, ya rasa mahaifinsa da yayarsa da ƙaninsa, ya girma ya zana abin da idonsa ya gani daga 1973. Mai shagon ya rubuta a littafinsa, bai karɓi ko kwabo ba, ya ce, "Malam, in sha Allahu mako uku." Yau mako biyu ke nan, kuma na riga na ware darasin da zan karanta shi tare da 'yan ajina idan ya iso.